Probatuwar ta kayar da Zainabu sau biyu: a rage wa kurame maki ne, ko mu haye Cadi?

Goggo Asabe, Marua:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da doguwar magana, abin ya daɗe yana cina a rai. 'Yar ƙanena ce, Zainabu, a hannuna ta tashi. Sankarau ya kama ta tana shekara 6, Allah ya tashi kafaɗunta amma kunne ya tafi. Duk da haka ba mu cire ta daga makaranta ba. Ta ci CEP ta gama firamare, ta ci BEPC ta ƙaramar sakandare a zama na biyu, ta shiga lise, wato babbar sakandare, ɓangaren D na kimiyya. Yanzu shekara biyu ke nan a jere probatuwar tana kayar da ita, jarrabawar nan da a Kamaru sai an ci ta kafin a shiga aji na ƙarshe a zauna bak, wato jarrabawar kammala sakandare. Na je na karɓo takardar makinta, kowane fanni a kan 20: lissafi 14, fizik 12, Faransanci 4, Ingilishi 3, tarihi da labarin ƙasa 5. Da aka haɗa aka raba ta tashi da 8 da ɗoriya, ana neman 10. Shekararta 21 yanzu, sa'o'inta wasu na jami'a wasu na ɗakin miji. Tambayata biyu ce. Yarinyar da ba ta taɓa jin muryar malami ba, adalci ne a nemi 10 a wurinta kamar mai ji? Me zai hana a ce kurame da makafi 8 ta ishe su? Na biyu, ana ce mini in kai ta Cadi ta zauna bak kai tsaye. Wanda ya san hanyar ya yi mini bayani don Allah.

Alhaji Garba, mai kula da zaure:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da riƙon da kika yi. Malamai da ke cikinmu, ga magana ta zo gidanku.

Kawu Tanko, kasuwar Garwa:
Hajiya Asabe, ni dai ba ɗan boko ba ne, amma gaskiya ɗaya ce. Masu ji da gani ma suna nan da bak ɗinsu suna tuƙa kilando suna kabu-kabu. Ki saya mata keken ɗinki ta zauna a gida cikin rufin asiri. Bebiyar da ke maƙwabtaka da mu ɗinki ya aurar da ita, har ta kai uwarta Makka.

Rabi, Ngaundare:
Kawu, Zainabu ba bebiya ba ce, kurma ce, tana magana tun kafin ciwon. Kuma mai 14 a lissafi ake cewa ta zauna a gida? Naka ɗan da ya faɗi probatuwar bara ai ba keke ka saya masa ba, sake biya masa ka yi.

Kawu Tanko, kasuwar Garwa:
To 'yar nan, na ji. Ba da mugun nufi na faɗa ba.

Ilyasu, Garwa:
Goggo, barka da dare. Ni makaho ne, wayata ce ta karanto mini saƙonki, sai da na sa ta maimaita. Ƙyanda ta tafi da idona ina yaro. Na ci probatuwar, na ci bak A4 na ɓangaren adabi, na yi jami'a a Ngaundare. Zan faɗi abin da ba zai yi miki daɗi ba, ki yafe mini: ina roƙon Allah kada a taɓa rage mana maki. Ranar da aka ce makaho 8 ta ishe shi, daga ranar takardata ta zama ta sadaka. Duk ofishin da na shiga za a ce, wannan ai irin bak ɗin nan ne na tausayi. Iyayenmu sun hana mu bara a bakin masallaci, ba za mu koma muna barar maki a wurin gwamnati ba.

Abin da muke nema daban ne, kuma bari in faɗa muku yadda ake zama jarrabawa da baray, rubutun makafi, don da yawa ba su sani ba. Ɗigo 6 ne a kowane gida, da su ake haɗa kowane harafi. Da allo da tsinke muke huda takarda, daga dama zuwa hagu, sannan a juya ta a shafa daga hagu zuwa dama. Shafi guda na masu ido yakan cinye mana biyu ko uku. Kai mai ido ka ɗaga kai ka sake duba tambaya, ni sai na ajiye tsinke na lalubo layin da yatsa. In na gama, sai wani ya mayar da rubutuna zuwa tawada kafin a kai wa mai gyara, in ya yi kuskure ni ne zan biya. Shekarar da na yi probatuwar, a cibiyar da na zauna, takardar tambayoyi ta baray ta wani fanni ba ta iso da wuri ba, ina zaune ina jin ƙarar biron mutane kusan awa guda. Wannan ne ya kamata a gyara: takarda ta zo kan lokaci, a ƙara lokaci, a sami mai juya rubutu da ya ƙware. Amma 10 ta zauna a 10.

Goggo Asabe, Marua:
Ɗana Ilyasu, Allah ya ƙara maka daraja. Amma kai ka ji darasin da kunnenka. Ita fa?

Malam Buba, malamin Faransanci:
Tambayar Hajiya ita ce zuciyar maganar, kuma nan ne nake ɗan saɓawa da Malam Ilyasu. Shekaru na yi ina gyaran takardun jarrabawa, bari in faɗi abin da ke faruwa a teburin gyara.

Takarda tana zuwa mana babu suna, an rufe shi. Ban san na wa nake riƙe da shi ba, ɗan gwamna ne ko kurma. Hakan alheri ne, amma ga kurma yana da wani ɓangare. Makaho ya ji Faransanci tun daga ajin farko, a bakin malami, a rediyo, a filin wasa. Matsalarsa hanyar rubutu ce kawai, ka ba shi baray da lokaci ka gama da shi. Kurma kuwa harshen kansa ne bai taɓa shiga kunnensa ba. Zainabu da Hausa da Fillanci ta tashi, kunnen ya rufe daidai lokacin da za ta fara jin Faransanci. Duk abin da ta sani na harshen da ido ta tsince shi. Su le da la, su à da de, da ƙarshen fi'ilai, yaro mai ji yana shan su ne kamar ruwa ba tare da ya sani ba. Ita sai ta haddace kowanne ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ga jimlarta kalmomin daidai ne, tunanin daidai ne, amma a jere irin na maganar hannu. Ni mai gyara da ban sani ba sai in ce wannan malalaci ne, in dangwala masa 4.

Kuma ba a Faransanci kaɗai take biyan wannan bashin ba. Tarihi da Faransanci ake rubuta shi, ilimin halittu ma haka. Laifi ɗaya, ana hukunta ta sau huɗu. Ku duba makin: inda lamba ke magana ta ci, inda jimla ke magana ta faɗi. In ta haye ma, falsafa na jiranta a aji na ƙarshe.

Da can ma abin ya fi muni. Mu zamaninmu dikte ake yi a BEPC, malami ya karanta ka rubuta. Ku yi tunanin kurma a wannan ɗakin. Yanzu rubutaccen nassi ake bayarwa mai kurakurai a ce ka gyara, ko ba don kurame aka yi ba ya yi musu rana.

Ilyasu, Garwa:
Malam, na karɓi wannan, ban taɓa auna shi ta nan ba. Amma maganin ai ba 8 ba ce.

Malam Buba, malamin Faransanci:
Ban ce 8 ba. Akwai hanya tsakanin rage maki da barin abin yadda yake. Faransa da muka gaji bak daga wurinta tana ƙara wa ɗalibi mai naƙasa kashi ɗaya cikin uku na lokaci, jarrabawar awa 3 ta zama ta awa 4. Dokarsu ta 2005 ta amince da maganar hannu a matsayin cikakken harshe, daga 2008 kuma ta shiga cikin fannonin da ɗalibi zai iya zaɓa a bak. Wato abin da kurma ya fi kowa iyawa ya zama abin da ake ba shi maki a kai. Mu nan muna gwada shi a harsuna biyu da bai taɓa ji ba, na ukun da ya iya babu mai tambayarsa.

Hadiza, Amurka:
Sannunku da gida. Goggo ina gaisuwa, ya zafin Marua? Ni mataimakiyar malama ce a nan, a ajin yara masu buƙata ta musamman, bari in ba ku abin da na gani. Tun 1975 suke da dokar tarayya da ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro mai naƙasa. Kowane yaro yana da rubutaccen tsari nasa shi kaɗai, iyaye da malamai suke zama su tsara, a sake duba shi duk shekara. Yana iya zama a makaranta har shekara 21. Ba su da jarrabawa guda ta ƙasa irin bak, kowace jiha ita ke yanke sharuɗɗan kammala sakandarenta.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A jihohi da yawa takarda biyu ce. Akwai cikakkiyar difloma, akwai kuma wata shaida da ke cewa yaro ya halarci makaranta ya kai ƙarshe. Ranar biki duk riga ɗaya suke sawa, iyaye na ta hoto. Sai an je neman jami'a ko aiki a gane ta biyun ba ta buɗe ƙofar da ta farkon ke buɗewa. Na ga uwa tana kuka, ita ba ta san bambancin ba lokacin da ta sa hannu. Don haka Yaya Ilyasu yana da gaskiya. Amma kuma akwai yaran da nake kula da su da ko shekara 30 za su yi ba za su iya jarrabawar kowa da kowa ba, masu raunin fahimta. Su a bar su su fita hannu rabbana bayan shekara 12 a aji? A gida Kamaru fa haka ake yi. Ko bak, ko babu komai.

Ilyasu, Garwa:
Hadiza, in aka buɗe wannan ƙofar ta biyu a ƙasar nan, wallahi duk cikinta za a tura mu, da makaho da kurma da gurgu. Wane shugaban makaranta ne zai wahalar da kansa neman malamin baray alhali ga takarda mai sauƙi a aljihun tebur?

Hadiza, Amurka:
Tsoronka a kan hanya yake, nan ma ana faɗa a kan haka. Ni dai na ce yaran can ma 'ya'yan wasu ne.

Rabi, Ngaundare:
Ni shan inna ce ta riƙe mini ƙafafu. Kaina lafiya, idona lafiya, kunnena lafiya, amma saura ƙiris in rasa bak saboda matakala. Ɗakin da aka sa lambata a bene yake. Yayyena biyu ne suka ɗauke ni kamar buhun masara gaban jama'a, na zauna hannuna na rawa don kunya. Ban sha ruwa ba ranar tun asuba, don na san bayan gidan ba zai shigu da keke ba, ga jarrabawa har yamma. Da aka yi magana washegari aka sauko da teburina ƙasa, abin da bai ci minti biyar ba. Ban da wasannin motsa jiki, da sai da na kawo takardar likita kafin a ɗauke mini gudu da tsalle, kamar ba a ganin keken. Ni ba na son a ƙara mini ko rabin maki. A tambaye ni tun ranar rajista me nake buƙata, shi ke nan.

Madam Fadi, Marua:
Ni a ɓangaren jin daɗin jama'a nake aiki. Goggo, tambaya ɗaya kafin komai: Zainabu tana da katin naƙasa na ƙasa?

Goggo Asabe, Marua:
Wane kati kuma? Katin ɗan ƙasa dai tana da shi.

Madam Fadi, Marua:
To kin gani. Sau biyu ta zauna jarrabawar nan a matsayin mai ji, don a takarda babu abin da ya nuna ba ta ji. Akwai doka ta 13 ga Afrilu 2010 kan kariya da ciyar da naƙasassu gaba, dokar aiwatar da ita kuma ta fito a Yuli 2018. A ciki akwai ɗauke kuɗin makaranta, duka ko wani ɓangare, akwai sassauci kan shekaru ga wanda ciwo ya jinkirta shi. Tun 2006 ma ma'aikatar sakandare da tamu suka fitar da takardar haɗin gwiwa kan karɓar waɗannan yara a makarantun gwamnati. Amma mabuɗin duk wannan shi ne katin. Likita zai auna ta ya rubuta yawan naƙasar, in ta kai kashi 50 cikin 100 sai ki kai takardun cibiyar jin daɗin jama'a ta yankinku. Sannan lokacin da ake haɗa dosiye, wato takardun rajistar jarrabawa, a zangon farko, ba a watan Mayu ba, ki sa shugaban makaranta ya rubuta a fili cewa kurma ce, ya nemi ƙarin lokaci, da kujerar gaba, da a rubuta mata duk sanarwar da mai gadin ɗaki zai faɗa da baki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Goggo Asabe, Marua:
Innalillahi. Shekara 15 ina biyan komai da kuɗin ƙosai, babu wanda ya taɓa ce mini ga wani kati. Kuma kin tuna mini: bara ta ce an gyara wata lamba a tambayar fizik, mai gadi ya faɗa da baki, ita sai da ta ga na kusa da ita suna gogewa ta gane.

Kawu Tanko, kasuwar Garwa:
Wannan kam zalunci ne, ko ni na yarda.

Mahamat Sani, Kuseri:
Maganar Cadi, Hajiya, ni nake bakin gada. Gaskiya ne babu probatuwar a can, shi ya sa duk shekara yaranmu ke haye gadar Ngeli su je Njamena. Hukumarsu ONECS ce ke shirya bak ɗin, kuma sai ɗalibi ya je da kansa an ɗauki hotonsa da yatsunsa. Wani alherin, wanda ya kusa kaiwa ana ba shi zagaye na biyu ya sake gwadawa. Suna da ɓangaren Faransanci, da na Larabci, da mai haɗa biyun.

Amma kada a ruɗe ki. Bak ɗin Cadi ba kyauta ba ne, masu faɗuwa suna da yawa. Tarihi da labarin ƙasa nasu ne za ta koya daga farko, kuma su ne fannonin da ke kayar da ita. Za ta tsallake aji guda na lissafi da fizik, ƙarfin nata ke nan zai ragu. In ta ci ta dawo, sai kin nemi takardar daidaita shaida a ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde kafin gasar shiga manyan makarantu. Ga masauki, ga abinci, ga yarinya mace da ba ta ji a garin da ake Larabcin Cadi a titi. Mai ji ma yana shan wuya. Faransancin da ya kayar da ita a Marua shi ne zai tarye ta a ƙetaren kogin Logon.

Malam Buba, malamin Faransanci:
Ni abin da ke ba ni haushi da probatuwar ke nan. Faransa da kanta ta daɗe da barin raba bak gida biyu irin wannan, mu muka riƙe. Ɗan ɓangaren Ingilishi na Kamaru da ke yin jarrabawar GCE fanni-fanni ake ba shi sakamako, abin da ya ci ya ci, yana nan a takardarsa. Da a can Zainabu take, lissafinta da fizik ɗinta suna hannunta yau. A namu tsarin 14 ɗin ta narke cikin matsakaici, sai ta sake komai daga farko.

Alhaji Garba, mai kula da zaure:
Malam, kada mu buɗe faɗan Faransanci da Ingilishi da daren nan, mun san inda yake kai mu. Wanda ya turo tallan turaren wuta kuma na goge, ba wurinsa ba ne.

Ilyasu, Garwa:
Wata tambaya Goggo. Wace maganar hannu take yi? Don ba iri ɗaya ba ce. Akwai tamu ta gida da kurame ke yi a kasuwa, akwai ta makaranta. Ta makarantar ma wasu ta Faransa suke bi, wasu wadda ta samo asali daga ta Amurka, tun zamanin Andrew Foster, baƙar fatar Amurka kurma da ya buɗe makarantun kurame a ƙasashen Afirka da dama kafin rasuwarsa a 1987. In za a nemo mata mai fassara, a san wacce.

Goggo Asabe, Marua:
Ta gida ce, wadda muka ƙirƙira ni da ita, sai kuma karanta leɓe in Hausa ake yi. Ba ta taɓa zama makarantar kurame ba.

Madam Fadi, Marua:
Ki kai ta Muda, kan hanyar Garwa, ba nisa daga Marua. Gidauniyar Betlehem da ke can tana da makarantar kurame. Ko ba ta zauna ba, ta ga malaman da suka san yadda ake koya wa kurma rubutun Faransanci, don hanyar daban ce da ta masu ji.

Goggo Asabe, Marua:
Jama'a, na nuna mata wayar yanzu, na fassara mata abin da na iya. Farko dai fushi ta yi, wai wa ya aike ni in tallata 3 ɗinta a duniya, me ya hana in tsaya a 14. Cadi ta ce ba ta zuwa. Maganar 8 kuwa ta ɗaga kafaɗa, ta ce in an ba ta za ta karɓa, Ilyasu ya yi haƙuri. Amma abin da ta dage a kai ban zata ba: ba ta son komawa aji. Ta ce shekara nawa tana zaune daga bakwai da rabi har azahar tana kallon ƙeyar malami, yana magana yana fuskantar allo, mutum sama da 80 a ɗaki, ita sai kofe littafin maƙwabciya. Wai a yi mata rajista a matsayin mai zaman kanta, a ba ta littattafai da mutum guda da zai zauna gabanta ya dube ta.

Malam Buba, malamin Faransanci:
Ta fi mu gane ciwonta. Sai dai Hajiya, mai zaman kanta ba ta da shugaban makarantar da zai rubuta mata takardar da Madam Fadi ta ce, ke ce za ki yi ta zirga-zirga a ofishin ilimi. Ku fara samo katin tukuna, sannan a yanke. Ni ina unguwar Domayo a nan Marua, Asabar bayan la'asar ba ni da aji. Ta zo da takardunta na Faransanci na shekara biyun nan, duk wanda aka ja wa jan biro, da su za mu fara. Ban iya maganar hannu ba, za mu yi da allo.

Ilyasu, Garwa:
Ki gaya mata na ji saƙonta, kuma ban haƙura ba, 10 za ta kawo mana.

Kawu Tanko, kasuwar Garwa:
Keken ɗinkin dai yana nan, ko ta ci ko ba ta ci ba ni zan saya. Hajiya, nawa ne kuɗin motar Muda?

Goggo Asabe, Marua:
Sai na tambaya a tasha gobe. Madam Fadi, takardar likitan, kowane asibiti ne ko sai babba?

Madam Fadi, Marua:
Ki same ni da safe, ki zo da takardar haihuwarta da hotuna, in nuna miki ƙofar.